Shekarar da Na Ba Alkama Kanwa

Na so in bar wannan labari a ciki in tafi da shi kabari. In ana hira aka ce in ba da labarin tafiye-tafiyena, nakan ba da na hanyar Gwanja, ko na jirgin da ya kusa kifewa da mu a Nufe, don a waɗannan ni ne mai wayo. Wannan kuwa a bayan gidanmu ya faru, kuma ni ne wawan cikinsa. To, gemu ya fara furfura, kunya ta ragu, bari dai in faɗa.

Ƙauyenmu yana kudu da Ƙarfi, in ka kama hanyar Bakori, bakin wata fadama mai ƙorama da ba ta ƙafewa sai can cikin bazara. Kowa a fadamar nan albasa yake yi ko rake. Gidanmu kaɗai ke yin alkama. Irin Babanmu ne, Allah ya ji ƙansa, gajeriya ce ja, ƙwayarta da ƙarfi har takan yi ƙara a haƙori. Daga Maska ake aikowa a nema in za a yi alkaki na biki. Ban san inda Baba ya samo ta ba. Na dai zaga kasuwar Kano da ta Zazzau, na ga alkama iri-iri, ban ga irinta ba.

Ni ban taso a lambu ba. Tun ina saurayi na bi fatake, ina kai goro Barno in dawo da kanwa. Yayana shi ya zauna da Baba, shi ya gaji jigon ban ruwa da fangalin shuka. Mutum ne mai shiru, in ya yi maka magana uku a yini to ka ci riba.

Shekarar da nake faɗi, abu biyu suka haɗu. A shekarar da ta gabace ta, fara ta sauka wa alkamar tana ɗanya, abin da Yaya ya tsira da shi mudu biyu ne cif, ya zuba a tulu ya liƙe bakin da laka. Sannan da kaka, ana ɗora wa rumbu jinka, ya zamo ya karye a cinya. Maɗori ya ɗaure, ya ce wata uku kada ƙafar ta taɓa ƙasa. Ni kuwa na dawo ke nan da jakuna, ina shirin hutawa in ci tuwon gida.

Ya sa aka kira ni ɗakinsa. Yana kwance, tulun yana kusa da kansa.

“Madugu,” ya ce. Haka yake kirana in yana son ya tsokane ni, amma ranar ba dariya a fuskarsa. “Sanyi ya shigo. In ba a shuka ta bana ba, ƙwari za su cinye ta a tulu. In an shuka ta lalace, shi ke nan, irin Baba ya ƙare a hannunmu.”

Na ce, “Haba Yaya, ni da na ga lambunan Kano?”

“Gani ka yi.”

“To me ake sa mata?”

“Taki da toka, yadda Baba ke yi.”

“Tokar ina?”

Sai ya juya fuska wajen bango. “Toka dai,” ya ce.

Ban matsa ba. A raina na ce toka ai shara ce, abin da mata ke kwashewa da safe. Taki shi ne magana, kuma a kan taki ina da ilimin da na ɗebo a tafiya. Na ga masu lambu a Kano suna rububin kashin tattabaru da na jemage. Saboda haka na shiga kogon wata tsohuwar kuka na kwaso kashin jemage har mangala uku, na bi gidajen masu tattabaru na share akurki, na haɗa da na tumakinmu. Na ja fangali ashirin da huɗu, na cika su da wannan arziki, na shuka mudu biyun nan duka. Ko tafi ɗaya ban rage a tulu ba.

Ta fito kuwa kamar a mafarki. Kore shar, har tana baƙi-baƙi, ganye fala-fala. Masu albasa suna wucewa suna cewa sannu da aiki, ni kuwa ina kan jigo ina tsoma guga ina ba su labarin yadda ake noma a birni. Kullum da yamma in shiga wurin Yaya in ce, “Alkamarka ta fi ta bara sau biyu.” Ya ce, “Allah ya sa.”

Ta yi wata guda da 'yan kwanaki sai na ga abin da ban gane ba. Ganyen ƙasa, tsofaffin, gefensu ya fara ja-ja kamar an bi da wuta, daga tsini yana gangarowa. Tsakiyar ganyen kore, bakin a ƙone. Na ce ƙishi ne, na ƙara ruwa. Bayan kwana uku abin ya hau ganye na biyu. Na kama kara ɗaya na lanƙwasa, ya bi hannuna kamar dafaffiyar rama, ya ƙi miƙewa.

A lokacin Gwaggo, ƙanwar Baba, tana gidanmu. Daga Bakori ta zo jinyar Yaya, don zazzaɓi ya kama shi a kan karayar. Na lallaɓa na ce ta zo ta duba mani wani abu. Ta zo tana mita, ta tsuguna, ta tsinki ganye ɗaya ta ɗaga wa rana.

“Ɗan nan, ka ba ta toka?”

“Na ba ta abin da ya fi toka.”

“Ka ba ta toka, na ce?”

“A'a.”

Ta jefar da ganyen. “Ka cika mata ciki ka hana ta ƙashi. Tun muna yara ubanku ke cewa in ta yi wannan jan baki, toka take kuka. In ta yi ciki a haka, iska ɗaya za ta kwantar da ita, ka girbe ciyawa.”

Na ce ai da sauƙi, ga juji can bayan gida, toka har ta yi tudu. Ta dube ni yadda ake duban baƙon da ya sha ruwan wanke hannu.

“Waccan an tace ta. Duk tokar da ta fita gidan nan sai mun ɗiga mata ruwa mun cire na miya da na sabulu. Abin da aka zubar gawa ce. Sabuwa ake so, wadda ruwa bai taɓa ba, kuma da yawa.”

“Baba a ina yake samu?”

“Ina na sani? An kai ni Bakori tun ba a haife ka ba. Na dai san jaki kan fita ya dawo fari fat.”

Na ce bari in tambayi Yaya. Ta riƙe mani hannun riga. Ta ce mutumin da ko kunu ba ya iya haɗiyewa, in na ce mashi alkama na ciwo, ni na san abin da na yi.

Na shiga neman toka kamar mai neman ɓataccen jaki. Karan dawarmu na riga na yi wa lambun danga da shi, sauran shanun Fulani sun tattake a gona. Na ƙona dami guda don in gwada, abin da ya fito bai cika ƙoƙo ba. Na bi maƙwabta, kowace mace ta ce tata ta miya ce, wata ta ba ni ludayi biyu don kunya. A marinar Ƙarfi suka ce sun zuba tasu a rijiyar rini tun shekaranjiya. Kwana biyu ina yawo, na dawo da abin da ba zai ishi fangali uku ba. Jan bakin nan kuwa yana ta hawa.

Rana ta uku da hantsi ina zaune a tsakar gida na rasa abin yi, Gwaggo na kaɗa miya. Sai ta ɗaga murya.

“Kai mai jakuna, tunda ka kwashe mana toka, gutsuro mani kanwa in jefa a kuka. Ai duk aikinsu ɗaya.”

Na tashi na gutsuro mata. Ina miƙa mata, maganar ta zauna mani a kai. Aikinsu ɗaya. Abin da ruwan toka ke yi wa miya shi kanwa ke yi, har ta fi, don ɗan ƙiris ya isa tukunya. Wake in ya ƙi nuna, ko wannan ko waccan. Doki in ya rame kanwa ake ba shi, ya murmure. Ga ni da kanwa ungurnu mai kyau, ta Barno, har taiki biyu a ɗaki, ina yawon roƙon shara a gidajen mutane! Wallahi har dariya na yi wa kaina. Na ce Baba da ya yi tafiya kamar ni da bai wahalar da jaki ba.

Ban gaya wa kowa ba, don ina so a ga aiki kafin a ji bayani. Na ɗauki turmi na kai bayan danga, na daka kanwa ta yi laushi. A gindin jigo akwai ɗan gurbi inda guga ke juye ruwa kafin ya bi hanya ya shiga fangali. Nan na riƙa zuba garin, ina juye ruwa a kai, ina buɗe wa fangali baki da fartanya ɗaya bayan ɗaya. Na shayar da huɗu, garin ya ƙare, la'asar ta yi. Na ce gobe in ƙarasa sauran.

Da safe na daka mai yawa. Na duba huɗun jiya, na ga ƙasar ta yi baƙi tana sheƙi, ganyen ya ɗan sunkuya. Na ce magani ne ke aiki, ai ko mutum ya sha kanwa sai ta murɗa shi. Na shayar da na biyar. Na shayar da na shida. Ina cikin buɗe na bakwai na ji an ce daga bayan danga:

“Falke, me kake dafawa? Tun daga rafi nake jin warin miya.”

Sarkin Noma ne. Dattijo ne Bamaguje, gidansu na hayin ƙorama, babban gida mai rumbuna fiye da ashirin. Abokin Baba ne tun suna samari, ko da yake ɗaya na salla ɗaya ba ya yi. Tun ina yaro yake ce mani zan mutu a kan jaki, ni kuma in ce mashi zai mutu a gindin tulu.

Na ce, “Baba, shigo ka ga dabarar birni.”

Ya tsallako danga da sandarsa. Bai dube ni ba, alkamar ya duba. Ya tsaya kan fangalin farko, ya duƙa, ya dangwali ƙasa ya sa a harshe. Ya tofar. Ya dubi ƙwaryar garin da ke gindin jigo.

“Toshe,” ya ce.

“Ai yanzu na...”

“Toshe bakin nan, don ubanka!”

Tunda nake ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Kafin in motsa ya fizge fartanyar, ya danna laka a bakin fangali na bakwai, ya tattake da ƙafa. Ruwan ya riga ya shiga kamar taku ɗaya. Ya bi hanyar ruwan da gudu-gudu irin na tsoho, yana duba bakin kowane fangali, inda ya ga yana tsatsa ya ƙara laka. Sannan ya dawo yana haki.

“Nawa ka ba?”

“Shida.”

“Shida sun tafi.”

Na ce, “Baba, ba ta mutu ba, dubi, kore ce.”

“Kaza ma takan yi tsalle bayan an yanka. Kai da ka je Barno, inda ake haƙo abin nan, me ka ga ya tsiro a wurin?”

Na gani da idona. Fili ne fari fat, tafiyar yini, ko ƙaya ba ta fita. Sau nawa na bi ta wurin ina toshe hanci, ban taɓa haɗa shi da wannan ba.

Na ce, “Amma a miya...”

“Alkama miya ce? Toka itace ce da ta ci ƙasa ta girma, in ka mayar, ƙasa ta san abinta. Wannan gishiri ne.” Ya nuna hanyar ruwan da sanda. Gefenta duk ya yi fari-fari inda ya fara bushewa. “Kuma ka zuba a hanya. Duk ruwan da ya bi nan yanzu dafi ne. Yaushe sauran suka sha?”

“Kwana uku.”

“To gobe in ba su sha ba su ma ka yi masu salla. Kuma ta nan ba za su sha ba.”

Na zauna a kan kunya. Fangali goma sha takwas, duk abin da ya rage na irin Baba a duniya, suna tsaye da ƙishi da ciwo, ruwa na gabansu ba halin a ba su. Na tuna tulun da na juye har ina buga gindinsa.

“Tashi,” in ji shi. “Kuka ba ya haƙa rami.”

Yinin nan ban san yadda ya wuce ba. Muka kankare gurbin gindin jigo har sai da muka kai jar ƙasa, muka kwashe lakar a ƙwarya muka kai can bayan danga. Muka ja sabuwar hanya ta ɗaya gefen, ta zagaye shidan nan daga nesa, muka yi masu kunya mai tsayi don kada su yi wa maƙwabtansu tsatsa. Ƙasar wajen ba ta taɓa ganin fartanya ba, tauri kamar dutse. Ni da hannuna ya saba da igiyar jaki, kafin azahar tafina ya fashe. Tsohon nan kuwa yana sara yana tsokanata.

“A Kano haka suke yi? In ka koma ka gaya masu Maguzawa na gaisuwa.”

Duk wanda ya wuce ya tambaya, sai ya ce tsohuwar hanyar ce gara ta ɓata. Ban roƙe shi ya faɗi haka ba.

Rana ta yi ja muka saki ruwan farko. Ya tare shi a tsakiyar hanya da tafin hannu, ya kurɓa, ya wuce gaba ya sake kurɓa. Ina tsaye ina kallon bakinsa kamar mai jiran hukuncin alƙali. A bakin fangalin ƙarshe ya kurɓa na uku, ya haɗiye.

“Buɗe,” ya ce.

Da muka gama ya zauna yana goge ƙafa da ciyawa. Ya ce, “Wai ni ina yayanka ya bar tokarsa? Wata biyu ke nan uwargidana na rufe ta da zana, ta hana kowa taɓawa. Mun ce ko don karayar ne ba ku shuka ba.”

Na ce, “Wace toka?”

Ya dube ni ya daɗe. Sai ya fashe da dariya har yana tari. “Bai gaya maka ba? Wayyo yayan nan naka! Gobe ka zo da jaki. Ka zo da sauran abin miyar nan naka kuma.”

Da sassafe na ƙetare ƙorama da jaki biyu. Ban taɓa shiga can cikin gidan ba sai ranar. A bayan rumbuna akwai wata rumfa da murhu shida a jere, manya, kowanne da tulun da zai ɗauki mutum. Nan matan gidan ke dafa giya. Wuta takan yi kwana biyu ba ta mutu ba, karan dawa da itacen marke take ci. Gefe guda ga toka an tara ta kai ƙugu, an yi mata rufi kamar hatsi.

Uwargidan Sarkin Noma ta fito tana ɗaura zane. Tsohuwa ce doguwa mai murya kamar ta namiji.

“A'a, yau falke ne da kansa? Ina mai sunkuyar da kai?”

Na ce, “Yana kwance, Inna.”

“Allah ya tashe shi. Shi in ya zo ta bayan gida yake bi, ya ɗora wa jaki ya gudu, kamar wanda ya saci akuya. Ubanku kuwa nan yake zama, a kan turmin can, a kawo mashi ruwa, ruwa fa, ya sha ya yi ta surutu.” Matan da ke wurin suka yi dariya. Ta miƙo hannu. “Ina tawa?”

Na sauke taikin kanwa. Ta buɗe, ta gutsura, ta lasa, ta gyaɗa kai.

“Ungurnu. To. Mu da muke ba ku tokarmu ba mu tace ba, da me za mu yi miya? Shekara nawa ina cin kanwarka, yau na ga mai ita.”

Ashe duk kanwar da nake kawowa gida ina cewa a ba dabbobi, rabinta nan take zuwa. Shekara da shekaru ina cikin noman alkamar nan ban sani ba.

Wata daga cikin matan ta ce, “Inna, an ce fa jiya ya yi wa gona miya.” Tsohuwar ta daka mata tsawa, amma ita ma kafaɗarta na rawa. Na sunkuyar da kai na yi ta cika mangala. Ashe sunkuyar da kai a gidan nan gadonmu ne.

Sarkin Noma ya biyo ni lambu don kada in sake wata dabarar birni. Ya nuna mani: tafi ɗaya-ɗaya, a barbaɗa a ƙasa tsakanin gindi da gindi, kada a bari ta zauna kan ganye, a bi da ruwa nan take. Na ce tunda ciwon ya yi nisa ba a ninka ba? Ya ɗaga sanda. Ya ce ita ma in ta yi yawa ƙuna take, kuma kada in ƙara ko ƙwayar kashin jemage.

Da na koma gida na yi wanka, amma toka ba ta fita daga gashin gira da wuri. Na shiga gaida Yaya. Zazzaɓin ya sauka, yana jingine. Ya dube ni, ya shaƙi iska.

“Ka je hayi.”

“Na je.”

Can ya ce, “Wata rana a zauren malamin ƙauyenmu wani ya ce alkamarmu mashayiya ce. Aka yi dariya. Na ce in na gaya maka, kai da bakinka, kafin la'asar an ji a Maska.” Ya murza gemu. “Sai yanzu ka sa? Ta yi jan baki ke nan.”

“Ta ɗan yi.”

“Sauran fa lafiya?”

Na ce, “Lafiya lau.” Muryata ta fito siririya kamar ta ɗan akuya. Ya dube ni.

Shidan nan suka mutu a kwana huɗu. Suka yi ruwan ɗorawa, suka bushe a tsaye, ƙasarsu ta yi ɓawo fari. Na bakwai rabinsa ya bi su. Na tuge gawar na tura cikin danga inda ba mai gani. Sauran kuwa ba su ce komai ba. Ganyen da ya ƙone bai warke ba, kuma Sarkin Noma ya ce ba zai warke ba, sabon da zai fito shi za a duba. Kullum da asuba, ina idar da salla, sai lambu. In tsuguna in buɗa tsakiyar gindi in leƙa. Kwana biyar ba abin da na gani. Abinci ya daina shiga. Gwaggo ta ce ko ni ma a kira mani maɗori.

Rana ta takwas na ga sabon ganye ya buɗe, siriri, tsaye, bakinsa kore har tsini. Na duba na kusa da shi, haka. Na bi fangali goma sha bakwai da rabi da rarrafe. Na kama kara na lanƙwasa a hankali, na saki, ya dawo. Bai dawo duka ba, amma ya dawo.

Ban sami natsuwa ba duk da haka, don maganar Gwaggo ta iska tana raina. Alkamar ta yi ciki, ta fid da kai, kan ya fara nauyi. Sai wata rana bayan azahar iska ta taso daga gabas, irin mai ɗauke jinka. Ina kan jigo na saki guga na tsaya. Alkamar ta kwanta gaba ɗaya kamar masu sujada, ta taso, ta sake kwantawa. Ba abin da zan riƙe, ba abin da zan toshe. Na ji bakina yana karanta duk abin da ya sani, har da addu'ar hawa jirgi. Da iskar ta faɗi, fangali uku na tsakiya, inda na fi zuba kashin jemage, suna kwance ba su tashi ba. Sauran suna tsaye, a karkace kamar masu jin barci.

Na girbe ta da lauje ni kaɗai, na tsince har zangarniyar da ta faɗi. Ukun da suka kwanta ƙwayarsu ta fito a motse, na ware ta aka yi wa Yaya kunu. Mai kyau, ja mai ƙara a haƙori, ta cika tulun Baba har wuya, ta bar ragowa a ƙwarya. Shekarar ba a kai ko tafi ɗaya Maska ba. Na kai tulun ɗakin Yaya. Ya tsoma hannu har gwiwar hannu, ya ɗebo, ya tauna ƙwaya ɗaya.

“Fangali ashirin da huɗu, wannan kaɗai?”

Na ce, “Shekarar ce, Yaya. Ga iska.”

“Iska,” ya ce. Ya sa aka kawo laka ya liƙe bakin da hannunsa.

Na yi niyyar in bi ayarin farko in bar garin, amma Gwaggo ta ce ba inda za ni sai Yaya ya taka. Ya taka kuwa, da sanda, ƙafar ta ɗan gajarce. Ruwa ya sauka, fadama ta cika ta janye, ciyawa ta rufe lambun har gwiwa. Na ce to, damina ta wanke mani laifi.

Ranar da ya fara iya doguwar tafiya ya ce in raka shi ya ga wurin. Muna tafe a hankali, ina ba shi labarin Gwanja don in cika mashi kunne. Muka tsallake danga. Ko'ina kore, sai gindin jigo. Nan ga su shida a jere, kowanne da kusurwarsa huɗu kamar an shimfiɗa tabarmi, ƙasar a daskare, 'yar ciyawar da ta gwada fita ta tsaya a tsawon yatsa. Nan na yanke labarin Gwanja.

Yaya ya dogara sandarsa ya duƙa da ƙyar. Ya dangwali ƙasar ya sa a harshe. Ya daɗe yana juya ta a baki, yana kallon sabuwar hanyar ruwa da ta zagaye wurin. Sannan ya ɗago, ba fushi a fuskarsa, har kamar yana danne wani abu a gefen baki.

“Madugu,” ya ce, “wannan a Kano ka koyo, ko a Barno?”